Gudun Hijira Zuwa Jiya: Jigon Tserewa A Cikin Ƙagaggun Labaran Soyayya Na Tarihi

1.0 Gabatarwa

Daga cikin rassan ƙagaggun labarai da suka fi samun kasuwa a Ingila da Amurka akwai wanda za a iya kira labarin soyayya na tarihi, wato labarin da ake ƙulla soyayyar taurarinsa a wani zamani da ya shuɗe tun kafin a haifi marubucin da mai karatun. Manazarta da dama sun daɗe suna yi wa waɗannan littattafai kallon hadarin kaji, bisa hujjar cewa ba abin da suke yi sai ɗauke hankalin mai karatu daga matsalolin rayuwarsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan zargi ta hanyar duba ayyukan Georgette Heyer da na Diana Gabaldon, sa'an nan ta waiwayi rubutaccen zube na Hausa domin kwatance.

Tambayoyi uku ne za su yi mana jagora. Mene ne ake gudu? Me ake nema a wancan zamani da ba a samu a wannan ba? Su wane ne ake sharewa daga tarihi domin soyayyar ta yi armashi? Ra'ayin da za a kare shi ne, tserewa a kan kanta ba aibi ba ce. Inda gizo yake saƙar shi ne irin tarihin da ake mayar da mai karatu cikinsa, da kuma mutanen da ake kawar da ido daga kansu.

2.0 Asali Da Bunƙasa

Masana tarihin adabin Turai sukan danganta kafuwar ƙagaggen labari na tarihi da Walter Scott, wanda ya buga Waverley a 1814 da Ivanhoe a 1819. Ba a daɗe ba aka fara kokawa da tasirinsa a kan masu karatu. A cikin Madame Bovary (1857), Gustave Flaubert na Faransa ya nuna yarinya Emma tana karanta Scott a makarantar kwana, tana mafarkin tsofaffin gidajen sarauta da mahaya dawaki. Da ta yi aure ta tarar da mijinta likitan ƙauye ne kawai, sai ta shiga neman abin da littattafai suka yi mata alkawari, har bashi ya yi mata katutu, ta sha guba ta mutu. Ke nan zargin da ake yi wa wannan nau'i na rubutu ya haura shekara 160, kuma tun farkonsa mace mai karatu ake nunawa da yatsa.

Georgette Heyer (1902–1974) ce ta ba wa soyayyar tarihi siffar da aka san ta da ita. Littafinta Regency Buck na 1935 shi ya buɗe ƙofar labaran da ake ginawa a kan zamanin riƙon sarauta na Ingila, wato 1811 zuwa 1820, lokacin da taɓin hankali ya hana Sarki George na Uku mulki, ɗansa ya riƙe masa. A Amurka kuwa, The Flame and the Flower (1972) na Kathleen Woodiwiss shi ya kawo dogon labari mai bayyana sha'awa a fili. A 1991 Gabaldon ta fitar da Outlander, inda tserewar ta tashi daga abin da mai karatu yake yi a zuci ta zama abin da tauraruwar labarin take yi da ƙafafunta.

3.0 Dalilin Komawa Tarihi

Pamela Regis (2003) ta lissafa ginshiƙai takwas da labarin soyayya yake tsayawa a kansu, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne shinge, wato abin da yake hana masoya haɗuwa. In babu shinge babu labari, domin da zarar an ga juna an daidaita, zance ya ƙare a shafi na biyar. Matsalar marubucin Ingila ko Amurka na ƙarni na 20 ita ce yawancin tsofaffin shingayen sun rushe a al'ummarsa. Budurwa tana iya aiki ta ci da kanta, tana iya zaɓen miji, tana iya neman saki a kotu. Saboda haka sai marubuci ya koma zamanin da shingayen suke tsaye daram. A Ingila ta 1815, dukiyar mace takan koma hannun mijinta da zarar an ɗaura aure, kuma ba a gyara wannan sosai ba sai da dokokin 1870 da 1882. Kafin 1857, cikakken saki ba ya samuwa sai majalisar dokoki ta zartar da doka ta musamman a kan auren. A irin wannan hali, zaɓen miji magana ce ta rai da mutuwa, kuma kallo ɗaya a wurin rawa yana iya ɗaukar nauyin babi guda.

A nan ne wani abin mamaki yake. Mai karatu tana barin zamanin da take da 'yanci, tana komawa zamanin da ba ta da shi, kuma a can take samun hutu. Binciken Janice Radway (1984) a kan wasu mata 42 masu karanta labaran soyayya a wani gari na tsakiyar Amurka ya ba da haske a kan wannan. Matan da kansu sun kira karatunsu tserewa. Sai dai abin da suke gudu ba 'yanci ba ne, hidima ce: girki da wanki da rainon yara da kula da miji, ba tare da wani ya kula da su ba. Ɗaukar littafi wata hanya ce ta cewa wannan sa'a tawa ce. A cikin littafin kuma suna samun namiji mai ƙarfi wanda a ƙarshe yake tattalin mace kamar yadda uwa take tattalin ɗanta. Haka kuma sun fi son labaran tarihi, suna kafa hujja da cewa suna ƙaruwa da sanin ƙasashe da zamunna. Wannan hujja ta ƙarshe ita ce ta ɗora wa marubuci nauyi. Tun da mai karatu ta ɗauki abin da ta karanta a matsayin ilimi, to wajibi ne manazarci ya tambayi ingancin ilimin.

4.0 Heyer: Tarihin Tufafi Da Karusai

Ba wanda zai zargi Heyer da ragwancin bincike. Ta tara bayanai masu yawa a kan tufafin zamanin, da ire-iren karusai, da sarar maganar samarin Landan, da ladubban gidajen rawa. Bayanin da ta yi na yaƙin Waterloo na 1815 a cikin An Infamous Army (1937) ya sha yabo saboda daidaitonsa. Salonta mai armashi ne: hira mai kaifi, raha, da tauraruwa mai wayo wadda ba ta jiran a cece ta, kamar Sophy ta The Grand Sophy (1950), wadda ta shigo gidan danginta ta juya kowa yadda take so.

Amma idan aka yi la'akari da faɗin al'ummar Ingila ta wancan lokaci, sai a ga duniyar Heyer ba ta wuce tsakar gidan wasu 'yan ɗaruruwan iyalai ba. Barori suna nan, amma aikinsu buɗe ƙofa da ɗaure wa maigida wuyan riga. Ma'aikatan masaƙu da mahaƙa kwal ba su da murya. Alhali a cikin waɗannan shekaru ne, a watan Agusta na 1819, mahaya dawaki suka afka wa taron masu neman gyaran zaɓe a Manchester, suka kashe fiye da mutum goma, suka raunata ɗaruruwa. Bugu da ƙari, ko da yake Ingila ta haramta fataucin bayi a 1807, bautar kanta ta ci gaba a gandayen rake na tsibiran Karibiyan har sai da dokar 1833 ta soke ta, kuma iyayengijin bayin aka biya diyyar fam miliyan 20, ba bayin ba. Sukarin da ake zubawa a shayin waɗannan gidaje, da wani kaso na kuɗin da ake ƙididdigewa idan ana auna darajar mai neman aure, daga can suke fitowa.

Yana da kyau a kwatanta da Jane Austen, wadda Heyer ta ɗauka abin koyi. Austen ba labarin tarihi ta rubuta ba, zamaninta ta rubuta, kuma a Mansfield Park (1814) ta bar alamar cewa arzikin gidan yana da jiɓi da wani gandu a Antigua, abin da Edward Said (1993) ya yi dogon sharhi a kai. Wadda ta rayu a zamanin ta bar ƙofa a buɗe kaɗan, wadda ta zo bayan shekara ɗari da ashirin kuwa ta rufe ta ruf. Saboda haka daidaiton Heyer daidaito ne na kayan ado. Ta san yawan maɓallan rigar basarake, amma ba ta tambayi wanda ya noma audugar ba.

5.0 Gabaldon: Hijira Da Guzuri

Outlander ya bambanta da sauran domin ya mayar da tserewa jigonsa. Claire Randall ma'aikaciyar jinya ce da ta yi aiki da rundunar Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi ta je Inverness, a arewacin Sikotilan, tare da mijinta Frank, malamin tarihi, domin su sabunta zaman da yaƙi ya raba. Wata rana ta taɓa ɗaya daga cikin wasu tsofaffin duwatsu da aka kafa zobe, sai ta tsinci kanta a shekarar 1743. A can ta faɗa hannun zuriyar MacKenzie, aka ɗaura mata aure da saurayi Jamie Fraser domin a hana wani azzalumin hafsan Ingila, Jonathan Randall, kama ta. Wannan hafsa kuwa daga zuriyar mijinta na farko yake, kuma kamarsu ɗaya.

Wannan ƙulli yana da hikima. Claire tana tsaye ne a madadin mai karatu: mace ta zamani, mai aure, wadda ta shiga tsohuwar duniya da idon yau. Duwatsun kuwa tamkar bangon littafi ne da ake buɗewa a shige. Haka kuma tsarin ya wanke tauraruwar daga laifi ta fuska biyu. Auren dole aka yi mata, don haka ba ita ta nemi Jamie ba, kuma mijinta na farko ba a ma haife shi ba a 1743. Kamar da ke tsakanin Frank da azzalumin hafsan tana sa zuciyar mai karatu ta yi sanyi da mijin da aka baro, ko da yake bai yi laifin komai ba. Lokacin da Jamie ya kai ta gaban duwatsun ya ba ta zaɓi, ta zaɓi zama, mai karatu ya riga ya yafe mata.

Dole a yaba wa Gabaldon a kan cewa ba ta share ƙazanta da zaluncin zamanin ba. Akwai bulala, da yunwa, da ciwon da ba magani. Jamie da kansa ya yi wa Claire dukan ladabtarwa da ɗamarar fata saboda ta saɓa umurninsa, kuma a kurkukun Wentworth shi ne aka azabtar aka yi wa fyaɗe, ita kuma ta cece shi. Wannan juyin matsayi ne idan aka tuna da littafin Woodiwiss, inda tauraron ya fara da yi wa tauraruwar fyaɗe, daga baya labarin ya mayar da shi masoyi. Bayan haka, inuwar yaƙin Culloden na 16 ga Afrilu 1746 tana kan labarin tun daga farko. Claire ta san za a murƙushe mayaƙan tsaunuka cikin abin da bai kai sa'a guda ba, za a hana su sa tufafinsu na gado, a kuma karɓe ikon shari'a daga hannun shugabannin zuriyoyinsu. A littafi na biyu, Dragonfly in Amber (1992), masoyan sun yi iya ƙoƙarinsu su hana aukuwar yaƙin, suka kasa. Wato soyayya ba ta iya tanƙwara tarihi, kuma wannan gaskiya ce da ba kasafai nau'in yake amsawa ba.

Duk da haka, hijirar Claire hijira ce da guzuri. Ta san ƙwayoyin cuta, ta san tafasa ruwa kafin wanke rauni, an yi mata lambar rigakafin agana. A littafi na uku, Voyager (1993), bayan ta dawo zamaninta ta haihu ta zama likitar tiyata, ta sake komawa wurin Jamie da fenisilin a aljihu. Ke nan tana cin moriyar soyayyar jiya da kariyar yau. Matar 1743 ta haƙiƙa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ba ta da duwatsun da za ta bi ta fita. Jamie ma, in an lura, namijin ƙarni na 20 ne cikin tufafin ƙarni na 18, domin ya rantse ba zai sake ɗaga mata hannu ba, kuma yana sauraren ra'ayinta. Ko tarihin ma akan lanƙwasa shi idan labari ya buƙata: an gurfanar da Claire bisa zargin maita a 1743, alhali dokar da ta soke hukuncin kisa kan maita ta fara aiki a Birtaniya tun 1736.

Babban gwaji ya zo ne lokacin da labarin ya ƙetare teku. A Voyager an kai mu kasuwar bayi ta tsibiran Karibiyan, a Drums of Autumn (1996) kuma gandun gwaggon Jamie a Karolina ta Arewa, inda bayi suke aiki. Claire ta nuna ƙyama, Jamie ya ƙi gadon gandun, suka karɓi fili mai faɗi a bakin ƙasar 'yan asalin Amurka. Da wannan taurarin suka fita da hannu mai tsabta, amma baƙin cikin bawa ya zama ma'aunin kirkin tauraruwa kawai. Ba labarinsa ake bayarwa ba.

Wata mafita ta daban ita ce ta Bridgerton, wasan talabijin da Netflix ya fara nunawa a Disamba 2020, daga littattafai takwas na Julia Quinn (2000–2006). A nan an sa baƙaƙen fata cikin sarakunan Ingila, aka ce soyayyar sarki da sarauniya ce ta rushe wariyar launi. An buɗe wa kowa ƙofar mafarkin, amma an yi haka ne ta hanyar shafe bautar da ta ciyar da zamanin. Heyer ta ɓoye bawa a bayan labule, wannan kuwa ya naɗa masa rawani ya ce ba a taɓa yi ba.

6.0 Waiwaye Ga Zuben Hausa

Idan bayanin da aka yi a sashe na 3.0 daidai ne, to ya kamata al'ummar da shingayenta suke tsaye ta rubuta soyayya ba tare da komawa tarihi ba. Abin da ya faru a Hausa ke nan. Tun daga Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, cikin littattafan gasar 1933, mai kuɗi ne yake raba saurayi da budurwarsa. So Aljannar Duniya (1980) na Hafsat Abdulwaheed, da Wa Zai Auri Jahila? (1990) na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna (1991) na Ado Ahmad Gidan Dabino, duk a zamanin marubutansu aka gina su, domin auren dole da fifita mai dukiya da hana 'ya mace karatu suna nan a ƙofar gida. Marubucin Hausa bai buƙaci duwatsun Inverness ba. Wannan ya nuna cewa zargin da aka yi wa littattafan soyayya a muhawarar shekarun 1990 kan adabin kasuwar Kano, na cewa sun kauce wa rayuwa, yana buƙatar a sake auna shi, domin da dama daga cikinsu gaba da gaba suka yi da ita.

Tserewa cikin tarihi kuwa ta wata ƙofa ta shigo Hausa. A Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin da ya yi yaƙi da Turawa aka rinjaye su ya fice zuwa ƙasashe masu nisa da duniyar aljannu, ya samo nasarar da ta kuɓuce masa a gida. Wannan tserewa ce ta namiji daga kunyar faɗuwa, ba ta mace daga hidima ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya ɗauki hanyar da ta saɓa. Ƙaunar da ke cikinsa ta uwa da ɗa ce, kuma uwar ta bi sawun ɗanta har aka mayar da ita baiwa, aka ƙetare Sahara da ita, ta gan shi ta rasu. A nan wadda sauran littattafai suke sharewa ita ce a tsakiyar labari.

Darasin yana da muhimmanci ga duk marubucin da zai gina soyayya a fadar Kano ko ta Zazzau ta ƙarni na 19. Zai sami alkyabba da algaita da dawakin zage da shingaye masu tsawo. Amma a wannan fada akwai kuyangi da ƙwaraƙwarai, a bayan gari akwai rinji, kuma ba a soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, ya adana yadda mahara suke kama mata da yara, dangi su bi su da kuɗin fansa. Jikokin waɗanda aka kama da na waɗanda suka kama duk suna cikin masu karatun Hausa a yau. Wanda ya share ɗaya domin ya ƙawata ɗaya, ya maimaita kuskuren Heyer da harshenmu.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa labarin soyayya na tarihi yana komawa baya ne domin neman shingen da zamani ya rushe, kuma mai karanta shi tana neman hutu da tattalin da ba ta samu a gida ba. Buƙatar halas ce, kuma raina ta raina mata ne. Sai dai an ga cewa Heyer ta sayi daɗin labarinta da shiru a kan talaka da bawa, Gabaldon ta bayyana zaluncin amma ta ba tauraruwarta garkuwar da matan zamanin ba su da ita, Bridgerton kuma ya sauya tarihin ɗungurungum. Ma'aunin da ake ba da shawara a riƙa amfani da shi wajen nazarin irin waɗannan ayyuka, na Turanci ne ko na Hausa, bai tsaya ga daidaiton tufafi da kwanan wata ba. A tambaya: wa ya ɗebo ruwan da gimbiya ta yi wanka da shi, kuma marubucin ya san sunanta?